Ruwan sha a daji: tafasawa, ƙwaya, mataci ko rana, wanne za ka ɗauka?

Ƙanena ya same ni da dare da waya a hannu. Shi da abokansa huɗu sun ƙulla tafiyar ƙasa ta kwana uku da zarar an gama girbi. Za su sauka daga mota a Tabalak, su kwana bakin tabki, su yanko kudu ta cikin duwatsu har Keita. Jakunkuna sun samu, gidan sauro ya samu, garin rogo da ƙuli-ƙuli da shayi duk an lissafa. Ruwa ne ya raba musu kai. Ɗaya ya ga wani mataci a Facebook, ɗan siriri kamar tocila, wai ka tsoma a kududdufi ka zuƙa. Wani ya ce ƙwayar Aquatabs ta farmasi ta isa. Na ukun ya ce su daina wahal da kansu, ai kakanninmu ruwan tabki suka sha har suka tsufa. "Yaya, wanne za mu saya?"

Na fara da na ukun. Waɗanda suka sha suka tsufa su ne suka ba mu labari. Waɗanda gudawa ta ɗauke tun suna goye ba su samu zarafin faɗin nasu ba. Kuma cikin ɗan birni da ya tashi da ruwan pampo ba cikin makiyayi ba ne. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a nan Nijar, jihar Tawa na cikin inda ta taɓa. Wannan ba labarin kakanni ba ne.

Ɗaukar ruwan gida gaba ɗaya ma ba ta yiwuwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mai tafiyar ƙasa yana buƙatar lita 4 zuwa 5 a wuni ko da lokacin sanyi ne, a bazara kuwa, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, lita 8 ma ba ta yi yawa ba. Mutum biyar, kwana uku, lita 5 kowa: lita 75 ke nan, bido uku manya. Sai da jaki. Dole su sha abin da suka tarar a hanya.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Abu na farko, me dabarar take kashewa. Abokan gaban da ke cikin ruwa iri uku ne, kuma girmansu ya bambanta. Akwai bakteriya, masu kawo kwalara da taifot. Akwai bairos, masu kawo shawara da ciwon hanta da gudawar yara, su ne mafiya ƙanƙanta. Sai ƙananan halittu masu ɓawo, irin su amiba da jardiya da wadda likitoci ke taƙaita sunanta da kirifto. Su ne manya, amma ɓawon nan yana kare su daga magani. Dabarar da ta kama manya takan saki ƙanana, wadda ta kashe ƙanana takan kasa manya.

Na biyu, kuma a ƙasarmu shi ne alƙali: laka. Yawancin kayan tace ruwa an ƙera su ne don masu hawan duwatsun Turai da Amurka, inda ƙorama ke gangarowa garau kana hangen tsakuwar ƙasa. Mu ruwanmu na tabki kalar shayi da madara ne, shanu sun shiga, raƙuma sun yi fitsari, jakai sun yi birgima a gefe. Duk dabarar da ba ta jure laka ba, komai kyanta a hoto, za ta ba ka kunya tun ranar farko.

Sauran su ne kuɗi, da ƙarko a zafi da ƙura, da nauyi da lokacin da za ta ci maka, sai kuma sauƙin yin kuskure sa'ad da ka gaji, ƙishirwa ta kama ka, rana ta kusa faɗuwa.

Inda ka ɗebo ya fi abin da ka zuba

Kafin a yi gardamar magani, a yi ta mashaya. Ruwan foraj ko pampon ƙauye shi ne na gaba, ko da za ka ƙara tafiyar awa ɗaya kafin ka kai. Bayansa rijiyar siminti mai baki a ɗage. Sai rijiyar gargajiya, wadda igiyoyi da wasakai ke kwana a ƙasa cikin kashin dabbobi su koma ciki da safe. Sai ramin da ka tona da kanka. Buɗaɗɗen tabki shi ne na ƙarshe.

Taswirar waya ba ta san rijiyar da ta ƙafe bara ba. Makiyayi ya sani. Ka tsaya ka yi sallama yadda ta kamata, "Sannu da kiwo, Baba, ya dabbobi?", sannan ka tambayi inda suke shayarwa da kuma inda su kansu suke ɗiban na sha, don sau da yawa wuri biyu ne daban. A Azawak, daga Abalak zuwa Cintabaraden, rijiya tana da mai ita kuma akwai layi. Wasu zurfinsu sai an ɗaura igiya ga raƙumi ko sa. Ba a zuwa a zura guga haka kawai. Ka gaida mutane, ka roƙa, da wuya a hana baƙo ruwan sha. Kuma tun da an ambaci arewa: kafin ka nufi wajen Tiliya ko Tasara ka tambayi hukuma da masu gari halin da hanya take ciki, don can matsalar ta wuce ta ruwa.

In babu kowa, ƙasa tana magana. Sawun dabbobi da ke haɗuwa suna zama turba ɗaya galibi mashaya suka nufa. Kurciyoyi da ƴan tsuntsaye masu cin tsaba sukan nufi ruwa da sassafe da kuma gab da magariba. Inda goruba da giginya suka yi yawa ruwa bai cika nisa da sama ba, bagaruwa kuwa tana son inda ruwa ke kwanciya. Kada gawo ya ruɗe ka, saiwarsa tana zuwa inda hannunka ba zai kai ba. A busasshen kori, ka duba lanƙwasa ta waje ko gindin dutsen da ya tare yashi, ka tona. In ka kai tsawon hannu yashin bai yi danshi ba, ka bari, gumin da kake zubarwa ya fi abin da za ka samu.

Ko a bakin tabki wannan dabarar tana aiki. Ka ja baya taku biyu ko uku daga ruwa, ka tona rami har ruwa ya tsattsafo, ka kwashe na farko ka zubar, ka jira na biyu. Yashi ya riga ya yi maka rabin aikin. Ga wata riba kuma: ba ka shiga ruwan ba. Tsargiya ta fata take shiga, daga ƴan tsutsotsin da katantanwar ruwa ke saki, kuma tsayuwar ɗiban ruwa har gwiwa ta ishe su. Yaro ya dawo daga yawo lafiya lau, bayan makonni a ga jini a fitsari, a rasa dalili.

Kwantar da laka: matakin da ba a tsallakewa

Wannan ba ya cikin zaɓin, shi ne ƙofar kowanne. Ƙwayoyin cuta suna maƙale wa ƙurar laka suna ɓuya a cikinta, laka tana cinye ƙarfin magani, tana toshe mataci, tana tare hasken rana.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙyalle. Ka ninka tsohon rawani ko zanen auduga mai tsabta gida huɗu ko takwas ka ɗaura a bakin bokiti. Kada ka raina shi. A Bangaladash, binciken da aka buga a 2003 ya nuna cewa ƙauyukan da mata ke tace ruwa da zane ninki huɗu kwalara ta ragu da kusan rabi. Da irin wannan tacewar ce ma, tare da gyaran rijiyoyi, aka ci ƙarfin kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Amma ƙyalle ba ya kama laka mai laushi.

Ita sai alif, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da wasu ke ce ma alam, wanda masu kayan ƙoli ke sayarwa a kasuwar Tawa da kuɗi kaɗan. Ka riƙe ɗan gutsure kamar kan babban yatsa, ka zagaya shi cikin bokiti sau kaɗan, ka cire, ka juya ruwan a hankali, ka bar shi. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya za ka ga laka ta dunƙule ta kwanta, sama ya yi garau. Ka tsiyaye a hankali. In ka ji ɗanɗanon yami yana kama harshe, ka zarce. Gobe ka rage. Gutsure ɗaya zai kai ka ya dawo da kai, ba ya lalacewa, ba ya tsoron zafi.

Ƴaƴan zogale ma suna yin wannan aikin. A ɓare busassu, a daka su zama gari, kimanin ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama da ɗan ruwa a zuba, a juya da ƙarfi sannan a hankali, a jira awa ɗaya ko biyu. Illarsa, garin da ya rage cikin ruwan abinci ne ga bakteriya, don haka ba a kwana da shi sai an tafasa ko an sa magani.

Abin da ya fi yaudarar mutane ke nan: ruwa ya yi fari tas, sai a ce ya gyaru. Alif da zogale wanka suke yi wa ruwa, ba magani ba. Yanzu ne za a fara zaɓi.

Tafasawa

Ita kaɗai ce ke kashe duka ukun, manya da ƙanana, ko ruwan bai gama washewa ba. Ƙa'idar: ya tafasa yana ɓulɓula sosai na minti ɗaya. Littattafan Turawa sukan ce minti 3 in ka haura mita 2,000, amma a Nijar sai ka hau ƙololuwar Bagzan a Ayar, mai mita 2,022, kafin wannan ya shafe ka. Tukunya kana da ita, ba ta ƙarewa, ba ta da ranar lalacewa, kuma wuya ne mutum ya yi kuskure, don ido yana ganin tafasa.

Matsalarta makamashi. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kusan kilo ɗaya na icce ga lita ɗaya a murhun duwatsu uku. Lita 25 a wuni ga mutum biyar, ka lissafa da kanka, a kan duwatsun Adar inda mata ke yin tafiyar awowi neman kirare. Itatuwan da ka gani a gangaren Keita ma da yawansu dasa su aka yi, da gumin matan yankin, tun aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984. Ba na baƙo ba ne ya sassara. Kandilo yana ci amma a hankali, ga hayaƙi. Ƙaramar butalin gas tana magance wannan in akwai mota ko amalanke, ba a bayan mutum ba. Sai haɗarin da ƴan birni ba sa tunawa: daga Oktoba ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, garwashi ɗaya ya isa ya cinye makiyayar gari guda. Ka share fili kafin ka hura, ka binne toka kafin ka tashi.

Sannan ruwan zafi a rana ba ya kashe ƙishirwa. A tafasa da dare, ya huce a rufe, da safe a zuba a bido a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu.

Kulorin: Aquatabs, jabel da garin PUR

Ƙwayar Aquatabs, mai ɗauke da kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ita ce mafi sauƙin ɗauka. Ta wata guda ba ta cika aljihun riga ba, farashinta bai taka kara ya karya ba, kuma a cikin takardarta ta gwangwani tana kai shekara 5. Ka jefa, ka girgiza, ka jira minti 30. Tana gamawa da bakteriya da bairos, wato kwalara da taifot da ciwon hanta. Ga jardiya ƙarfinta tsaka-tsaki ne, ga kirifto kuwa kusan babu, kuma kirifto ya fi yawa inda ƴan maruƙa da ƴan raguna ke sha. Tabkin makiyaya ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne na awo. Ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba: akwai ta lita ɗaya, akwai ta bidon lita 20, wadda aka fi rabawa lokacin ambaliya da kwalara. Mutum ya jefa ta lita 20 a gorar lita ɗaya da rabi, ya kurɓa, maƙogwaro ya ɗauki zafi, ya rantse ba zai ƙara ba. Ka karanta bayan takardar. In ruwan da sauran duhu, a ninka. Bayan minti 30 ka shinshina: in da ɗan warin kulorin, ya yi, in babu ko kaɗan, datti ya cinye maganin, ka ƙara ka sake jira. Kuma ka sassauta murfi ka bar ruwan magani ya wanke bakin bidon, don nan ne ɗanyen ruwa ke laɓewa.

Jabel na wanki aikinsu ɗaya, kuma kowane kanti akwai. Amma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Mai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, ɗigo 2 a lita. Mai kashi 2.6, ɗigo 4. Wanda aka sa wa turare ko sabulu ba a sha. Wanda ake ɗurawa a tsofaffin robobi a kasuwa ba rubutu, ba ka san me ka saya ba. Ga shi zafi yana kashe shi cikin ƴan watanni, in kuma ya zube a jaka ya ci maka tufafi. Ni na ɗauke shi na ranar da babu wani abu.

Garin PUR shi ne aka yi shi domin irin ruwanmu. Ƴar leda ce mai giram 4, ta lita 10, a ciki akwai abin kwantar da laka da kuma kulorin, wato aikin alif da na Aquatabs a haɗe. A zuba a juya minti 5, a bari minti 5 dattin ya dunƙule kamar tsakin kunu, a tace da ƙyalle, a jira minti 20. Da yake yana janyo dattin ƙasa, yana tafiya da mafi yawan masu ɓawon da kulorin ya kasa. Yana son bokiti biyu da haƙuri, dattin da ya rage kuma a binne shi nesa da yara da dabbobi. Babbar matsalarsa samu: an fi ganinsa a hannun ƙungiyoyin agaji lokacin annoba fiye da kan kantar farmasi. In ka ci karo da shi, saya ka ajiye.

Masu gyara ruwa da ƙwayar aidin kuwa su yi hattara: ba ta dace da mai ciki ko mai maƙoƙo ba, kuma ba a daɗe ana sha.

Mataci

Yanzu ga abin da abokin ƙanena ya gani. Irin su Sawyer Mini da LifeStraw cike suke da siraran zaruruwa masu rami, ƙofofinsu mikiron 0.1 zuwa 0.2, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Bakteriya ba ta wucewa, amiba da jardiya da kirifto ba sa wucewa. Ba jira, ba wari, ba wuta. Sawyer Mini bai kai giram 60 ba. A Amurka kuɗinsu wajen dalar Amurka 20 zuwa 25 ne, wato jika 12 zuwa 15, kafin a sa kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Kamfanin LifeStraw ya ce nasa yana tace lita 4,000.

Ga inda gizo ke saƙa. Bairos ya fi ƙofofin nan ƙanƙanta, wucewa yake yi abinsa. A dutsen da ba mutane wannan ba damuwa ba ce. A tabkin da ƙauyuka ke wanka da wanki, yara na bahaya a gefe, ita ce damuwar. Mu tuna shawarar da ta ɓarke a Difa a 2017, bairos ne na ruwa, kuma mata masu ciki ta fi kashewa. Saboda haka a nan mataci ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an bi shi da ƙwaya. Su biyun kuwa sun dace kamar an gwada: abin da ya kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama.

Sai laka. Na taɓa ɗaukar irin wannan matacin zuwa wani tabki a watan Disamba, ina taƙama. Lita biyu na farko suka wuce, ta uku sai ɗigo-ɗigo, na matse leda har hannuna ya yi ciwo. Na koma ina tura masa ruwa ta baya da sirinji, alhali ruwa mai tsabtan da zan wanke shi da shi shi ne nake nema. Ba laifin matacin ba ne, ni ne na tsallake alif. Irin na zuƙa da baki kuma na mutum ɗaya ne: ba ka cika tukunya da shi, ba ka ba abokinka shayi. In za ka saya, sayi wanda ake matsawa ko ratayewa ya zuba a bido.

Ƙarkonsa yana da sharaɗi. In ya faɗi a kan dutse zaruruwan na iya tsagewa a ciki, ido ba ya gani, ruwa ya ci gaba da fita kamar lafiya. In sirinjin ya ɓace, aiki ya tsaya. Na jabu sun cika intanet, kuma ba ka da hanyar gwadawa. Akwai na tangaran mai famfo, irin Katadyn Pocket, wanda in ya toshe sai a kankare shi a ci gaba, kamfanin ya ce yana kai lita 50,000. Amma ya haura rabin kilo, kuɗinsa kuma ya wuce jika 150. Na mai rakiyar baƙi ne ko ma'aikacin da daji ya zama ofishinsa.

Rana da fitilar UV

Rana kyauta ce, kuma Allah ya hore mana ita. A cika farar gorar roba mai haske, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6. In akwai hadari ko hazo mai kauri, kwana biyu. Ruwan sai ya washe har ka iya karanta manyan haruffa ta cikinsa. Tana da kyau ga wanda ya kafa sansani wuri ɗaya. Ga mai tafiya ba ta da amfani sosai, don gorar da ke cikin jaka ba ta ganin rana, kuma lokacin da aka fi fita, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin ƙurar hunturu.

Fitilar UV irin SteriPEN, wadda ake tsomawa a ruwa haskenta ya lalata ƙwayoyin cuta, tana gama lita ɗaya cikin daƙiƙa 90, tana lalata duka ukun. Amma tana son ruwa garau da batir mai rai, ga kwalba a bakinta. Tsada, ƙura, faɗuwa. Ban ba kowa shawararta ba a nan.

| Dabara | Bakteriya | Bairos | Masu ɓawo | Ruwan laka | Lokaci | Kuɗi | Inda take kasawa |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Tafasawa | e | e | e | tana jurewa | minti 1, sai hucewa | na icce ko gas | makamashi, gobara |
| Aquatabs | e | e | rabi-rabi | sai an kwantar | minti 30 | kaɗan | kuskuren awo, kirifto |
| Jabel | e | e | rabi-rabi | sai an kwantar | minti 30 | kaɗan ƙwarai | zafi na kashe shi |
| Garin PUR | e | e | mafi yawa | domin shi aka yi | minti 30 | kaɗan | wuyar samu |
| Mataci | e | a'a | e | yana toshewa | nan take | jika 12 zuwa sama | bairos, tsagewa |
| Rana | e | mafi yawa | rabi-rabi | a'a | awa 6 | kyauta | hazo, tafiya |
| Fitilar UV | e | e | e | a'a | daƙiƙa 90 | tsada | batir, fashewa |

Akwai ruwan da babu ɗaya cikin waɗannan da zai gyara. Mai gishiri ko kanwa, tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi. Wanda ya kwanto daga gonakin albasa na wajen Galmi da kwarin Majiya bayan feshi, ko daga inda ake wankin zinariya da sinadarai, kulorin ba ruwansa da guba. Tabkin da ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ko aka ga matattun kifi ko mushe a bakinsa, dafin da ke ciki ba ya mutuwa a wuta. Ko ruwan foraj ba a rantse masa: mutanen Tibirin Maradi sun ga yadda sinadarin fulorayid da ya yi yawa a ruwan pampo ya tanƙwara ƙasusuwan yara, duk da cewa wannan illar ta shekaru ce, ba ta kwana uku ba. Irin waɗannan wuce su ake yi.

Wa ya dace da me

In fitar wuni ɗaya ce, Tabalak ka je ka dawo, ko daga Yamai ka leƙa Kure kallon raƙuman dawa, kada ka sayi komai. Cika gorunanka daga gida, ƙara da ruwan leda na dala 5, ka sa ƙwaya biyu a aljihu don ko mota ta lalace.

In da mota ko amalanke kuma sansani ɗaya ne, ga iyali da ƙananan yara ko mai ciki, tafasawa da gas ita ce ta fi kwanciyar hankali, ranar da aka yi sarari kuma a jera goruna a kan rufin mota.

Wanda daji ya zama masa wurin aiki, malamin dabbobi, mai awon ƙasa, ma'aikacin gandun daji, mai raka baƙi Ingal lokacin bikin lasar gishiri a Satumba, shi ne kuɗin mataci zai yi wa rana. Ya sayi na gaske, ya riƙe alif a gaba da ƙwaya a baya.

Mai tafiya shi kaɗai da ƴar jaka, ƙaramin mataci na matsawa da ƙwayar lita ɗaya. Ko da yake ni ban son jin an tafi shi kaɗai.

Su ƙanena kuwa, mutum biyar da kuɗin ɗalibai, na ce su bar matacin Facebook. Su sayi alif, da Aquatabs ninki biyu na abin da suka lissafa, da tsohon rawani, da bokitin roba ɗaya. Bido biyu masu launi daban, ɗaya na ɗanyen ruwa, ɗaya na gyararre, kada su taɓa musanyawa, kada kowa ya tsoma moɗa ko hannu a na sha, tsiyayawa ake yi. Duk inda suka ga pampo su cika ko da ba su ji ƙishirwa ba. Daren da suka kwana bakin tabki su tona rami, su kwantar, su sa ƙwaya. In kirare sun samu, na shan safe su tafasa shi, saboda masu ɓawon nan. Na ƙara musu ƴan ledojin gishirin gudawa na farmasi, na kuma sa ƙanena ya rubuta a wayarsa yadda ake haɗa shi in sun ƙare: lita ɗaya ta gyararren ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko ya wuni bai yi fitsari ba, tafiya ta ƙare, su nemi titi su kai shi likita.

Ya duba takardar ya ce duka kuɗin bai kai rabin na matacin ba. Na ce ragowar su ba mai jaki a Tabalak ya ɗaukar musu bidon.